Gurasar da Na Gatsa

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da ƙanena Daler. Yaya garinmu Kulob?

Ni lafiya lau nake a nan kan iyaka, sai dai sanyi. Ka ce aikin soja zai koya mini ladabi. To, ya koya. Yanzu ko tari waɗanda suka riga mu shigowa suka yi, sai na miƙe tsaye. Ran nan ɗayansu ya ce, "Kai sabon shiga, a gidanku tsakiyar ido ake kallon manya?" Tun ranar ƙasa nake kallo. Kada Inna ta ji.

An ce an fara kiran sa'o'in Daler aikin soja. Don Allah, Baba, ka bar shi a makaranta da rashin kunyarsa.

Gurasar da na gatsa ranar tafiya, wadda Inna ta rataye sai na dawo na cinye, tana nan? In Allah ya dawo da ni, sai dai a jiƙa min ita a shayi. Haƙoran da suka gatse ta, biyu ba za su dawo ba.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Sorbon