Wiski a Kan Kabarin Hoyt

Sandlick, Tennessee
Farkon Afrilu

Royce,

Kada ka buɗe wannan wasiƙa a cikin motar waɗancan tsofaffin, kada kuma ka karanta musu ita su samu abin dariya. Nemi wuri ka zauna kai kaɗai. In ka ji ranka ya fara ɓaci, kada ka ninke ta ka cusa aljihu yadda ka saba. Karanta har ƙarshe, don ni ma da ɓacin rai na rubuta ta har ƙarshe.

Bayan haka ina gaishe ka, ɗana. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Charlene da yara. Yaya tarin ƙaramar? A daina ba ta ruwan ƙanƙara. Mu nan muna godiya ga Ubangiji, sai gwiwata da ba ta son hawan tudun coci.

Faifan da ka aiko ya iso. Na ga abin da aka rubuta da ruwan zinariya: Samarin Sandlick, shekara arba'in, fitattun waƙoƙinsu. Samari! Shugabanku Vester Mullins ya girme ni, haƙoransa a kofi suke kwana, amma ga shi nan a hoto ya matse ciki da bel yana kanne ido. Tun da ka ɗauki jitar babanka ka shiga ƙungiyar na koyi yin shiru.

Da na juya bayan faifan sai na ga dutsen kabarin babanka. Na san wanda ya ɗauki hoton, don a gabana ka ɗauka, ka ce na ajiyewa ne saboda yara. A ƙasa kuma an kwatanta hanya dalla-dalla, daga gidan mai har bayan cocinmu. Waƙar farko a faifan ita ce wadda na fi ƙi a duniya, wadda babanka Hoyt ke roƙon abokansa su zuba masa wiski a kabari in ya tafi.

Kana cikin zanen goyo ya rubuta ta. Ban taɓa ɓoye maka ba: a shekarun nan ni nake ɗauko shi daga bakin hanya, ni nake wanke aman da ke rigarsa. Amma kai shaida ne cewa ya bar ƙungiyar, an yi masa baftisma a rafi, ya zama dattijon coci, kuma kusan shekara ashirin ko ɗigo bai taɓa ba har zuciyarsa ta tsaya. Wannan mutumin na binne.

Ran Asabar na kai masa furanni. Tun daga ƙofar makabarta wari ya tare ni. Kwalabe a jere a kan dutsen, manya da ƙanana, ciyawa ta ƙone inda aka yi ta zubawa, ƙudaje na bin wurin. Ka san dutsen namu ne mu biyu, sunana na gefen nasa yana jirana. To, sunan nan nawa ya yi danƙo da wiski, ni da ban taɓa kai shi baki ba.

Ina tsaye sai ga wani mai tumbi da matarsa, lambar motarsu ta Ohio. Ya ce, "Mama, ke ma masoyiyar Hoyt ce?" Na ce matarsa ce. Ya dafe kai ya ce, "Kai, kai, kai! Darlene, yi sauri, ga matar da ke kuka a baiti na biyu! Mama, ɗan riƙe kwalbar nan mu ɗauke ki hoto." Na ce, "Bawan Allah, uwarka na da kabari?" Ya ce tana da shi. Na ce, "To, kwatanta mini hanya." Matar ta ja hannunsa suka tafi, amma kwalbar sun bar mini.

Ban san abin da ka ɗauka kana yi ba. Rubuto ka faɗa mini.

Ka gaida Charlene, ka sumbaci yara. Ubangiji ya kiyaye ka a hanya.

Mahaifiyarka,
Ozella Tackett


Sandlick
Tsakiyar Mayu

Ɗana Royce,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ƙaramar ta warke. Ina fata kana samun barci da abincin kirki, ba soye-soyen gidajen mai ba. Tumatirina ya fara fure.

Na ce ka rubuto, ka buga waya, don ka san a waya kana iya cewa ana kiranka. Ka ce, "Mama, girmamawa ce fa. Mutanen nan ƙaunar Baba suke yi." Na yi ta juya maganar. Wanda suke ƙauna ba su taɓa jin warin bakinsa da safe ba.

Saboda kada ka ce na yanke hukunci ban ji ba, na je gidan maƙwabciyata Imogene Sizemore muka saurari faifan tun daga farko har ƙarshe. Wanda matarsa ta gudu ya sha. Wanda matarsa ba ta gudu ba ya tafi wurin matar wani ya sha. Wanda aka sallama daga aiki ya sha, wanda aka biya albashi shi ma ya sha. Imogene ta ce, "Ozella, su waɗannan ba sa jin ƙishin ruwa ne?" Ban yi dariya ba. Muryar Hoyt ce, da kyanta kamar yadda take, kuma kowace waƙa ina iya gaya maka abin da ya faru a gidana a makon da aka yi ta. Kun tattara shekarunsa mafi muni kun sa musu suna mafi kyau.

Waƙar yabon da ya rubuta bayan baftisma, wadda har yau ake rerawa a cocinmu, ba ta ciki. Ka ce ba ta samu kasuwa ba. To, na ji. Ashe a wurinku shiryuwar mutum ba ta cikin fitattun abubuwansa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Fasto Crabtree da dattawan coci sun zo gida, huluna a hannu, suna kallon ƙasa. Abin ya wuce kabarin babanka. An fasa kwalba a kan kabarin jaririn Imogene, wanda take sharewa da hannunta tun kafin a haife ka. Wata babbar mota ta taka gefen kabarin tsohon fasto. An tarar da wani yana fitsari a jikin katanga ana tsakiyar sujada. Duk wannan a gundumar da ko sayar da giya doka ta hana.

Fasto ya ce, "'Yar'uwa Ozella, Hoyt namu ne, kin sani. Amma matattun nan su ma namu ne." Sun ba ni zuwa Ranar Gyaran Kaburbura, Lahadin farko na Yuni. In abin bai tsaya ba, za su cire dutsen su jingine shi a ɗakin ajiyar coci, don baƙi su rasa abin nema. Dattijon coci, a bar shi ba suna kamar wanda aka tsinta a hanya, dutsensa kuma a tsakanin injin yankan ciyawa da karyayyun kujeru. Na kasa musu gardama. Da kabarin wani ne ya jawo wannan ƙazanta, ni zan fara ɗaga hannu a cire.

Ga abin da nake so. Vester ya faɗa a kan dandamali, ya faɗa a rediyo, cewa Hoyt Tackett ya mutu ba ya sha, kuma iyalinsa ba sa son kwalba. Mutanen nan maganarsa suke ji. Kai kuma ka zo ranar gyaran da iyalinka da fartanya, yadda ake yi tun kakanninka. Zan soya kaza, zan yi burodin masara.

Gaisuwa ga Charlene da yara. Ina sa ka a addu'a, ko da raina na ɓace.

Mahaifiyarka,
Ozella


Sandlick
Yuni

Royce,

Ina gaishe ka da iyalinka, ina fata kowa lafiya. Kada ka damu da gwiwata, ta kai ni inda nake son zuwa.

Ba ka zo ba. Charlene ta ce aiki ya riƙe ka a Nashville, kuma ka tabbatar mata Vester zai gyara komai. Bari in gaya maka yadda ya gyara, don na san shi zai ba ka labarin da ado.

Ran Asabar mun share makabarta tas. Ran Lahadi kowane kabari da furanninsa, dangi sun zo daga jihohi daban-daban, an jera tebura a ƙarƙashin itatuwa. Fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka a abinci sai ga doguwar motarku ta hawo tudu, motoci na bin ta a baya. Vester ya sauko cikin farin kwat mai ƙyalƙyali kamar kifi. Ya buɗe hannu ya ce, "Zella! Har yanzu kina nan da fuskar nan mai tsinke madara?" Na ce, "Kai ma har yanzu kana shafa wa gashinka baƙin man takalmi?" Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, yau zai kashe maganar.

Ya tsaya a kan kabarin Hoyt, ya cire hula, mutanensa suka kewaye shi, namu suka matso. Gaskiya ya fara da kyau. Ya ce Hoyt ya tuba, ya ce iyali ba sa so, ya ce daga yau duk mai ƙaunar Samarin Sandlick kada ya ƙara kawo kwalba nan. Har na ji idona ya kawo ruwa. Na ga Fasto yana gyaɗa kai.

Sai ya sa hannu cikin kwat ya ce, "Saboda haka, jama'a, wannan ce ta ƙarshe, kuma ni abokinsa na fi cancanta in zuba ta." Ya juye kwalba guda a kan dutsen, daga sunan babanka har nawa, a kan furannin da na kwana biyu ina haɗawa. Mutanensa suka ɗauki waƙar. Ana ta ɗaukar hoto. Shi kuwa kuka yake yi da gaske, majina har gemu. Ya juyo ya ce, "Zella, na kyauta ko?" Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan: da zuciya ɗaya ya yi. Shekara arba'in suna rera abu har sun kasa gane wata hanyar yin ban kwana.

Warin ya bi iska har kan tebura. Imogene ta rufe kwanon wakenta da tawul. Wani saurayi a bayana yana ce wa abokinsa, "Mako mai zuwa mu ma sai mu zo mu zuba tamu ta ƙarshe."

Na ga dattawa suna haɗa kai. Ban bari sun kira taro a kan mijina ba. Na ce, "Fasto, ba sai kun wahala ba. Dutsen nawa ne, ni zan ɗauke abina." Vester ya ce, "Haba Zella, ina mutane za su riƙa zuwa?" Na ce, "Gidajensu." Na zuba masa kaza da burodi a faranti, don ba a korar mutum da yunwa a ranar gyara, na ce ya ci a cikin mota.

Washegari surukin Imogene ya zo da tarakta. Ban yarda an kai dutsen ɗakin ajiya ba. Yana lambuna yanzu, daura da tagar kicin, inda nake ganinsa ina wanke-wanke. A kan babanka na shuka ciyawa, ya zama ɗaya da filin da ke kewaye da shi. Da na juyo zan tafi na ga wurin fayau ba suna, sai da na zauna a ƙasa. Ni na san inda yake, Ubangiji ya sani. Yaranka kuwa sai an nuna musu, kuma wannan aikinka ne. Dattawa sun ce ranar da aka kwantar da ni kusa da shi, in ƙurar ta lafa, a mayar da dutsen.

Baƙi ba su daina zuwa ba. In sun rasa a makabarta, yaran gari na nuna musu gidana. To, ga dokar gidan nan daga yau, kuma ta hau kanka kamar yadda ta hau kan mai lambar Ohio. Kwalba ba ta wuce ƙofar shingena. Faifan nan ba ya shiga gidana, ko a jaka, ko a baki. Wanda ya fara rera shi, yaro ko babba, ya ƙarasa a titi. Duk mai son ganin sunan Hoyt Tackett zai fara zama a teburina, in zuba masa shayi mai sanyi, in ba shi labarin shekarun da mutumin ya yi yana dawowa gida da ƙafarsa. Sai ya ji har ƙarshe zan buɗe masa ƙofar lambu.

Kujerarka na nan. Kai za ka fi kowa daɗewa a kanta.

Ka gaida Charlene da yara.

Mahaifiyarka,
Ozella Tackett