Kitson Zaliha

Gummi, 19 ga watan Azumi

Inna Turai,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ina ƙishirwa? Ina ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Ina mutanen Anka?

Inna, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san tun da aka rufe gidanki muka watse, rumfar kitsona ta zama mahaɗar matanmu masu zaman kansu. Duk ranar kasuwa suna zuwa, in yi musu kitso, in cusa musu kororon roba cikin ƙullin lalle, masu shan maganin ƙanjamau kuma in bincika ko suna sha. Dokarmu tana nan: wadda ta yi fashin kasuwa biyu, a bi sawunta.

To, Zaliha ta yi biyu. Ɗiyar nan mai wushirya da kika taɓa jinya a ɗakinki. Na hau mashin ɗin Lado ɗan acaɓa har Nasarawa Burkullu, laka iya gwiwa. Na iske ta kwance, wai zazzaɓi ne. Ni za a yi wa ƙarya? Ina tuɓe ɗankwalinta na sa tsinke, gashi ya biyo hannuna.

Ashe tun Rajab take azumi, tana neman gafara. An ce mata ta sha ƙwayar maganinta ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, sai ta bar ta safe don kada azumi ya karye, daga baya ta ga rabi ba shi da amfani ta bar duka. Kunya ta hana ta tambaya, wai kada a ce irinta ma da azumi. Wallahi sai da na yi kuka. Ni ce sakarya, wata biyu tana zuwa kai a ɗaure tana ƙin kitso, ban gane ba.

Gobe zan kai ta asibiti. Tsorona kada a ce maganin ya daina kama ta. Ki sa ta a addu'a.

Ɗiyarki,
Zulai


Gummi, kwana uku bayan Layya

Inna Turai,

Barka da Sallah, ina gajiyar aikin nama? Allah Ya maimaita mana. Kilishin da kika aiko ya iso, na gode.

Ki kwantar da hankali, Inna, Allah Ya rufa asiri! Malamar asibiti ba ta yi wa Zaliha faɗa ba ko kaɗan, ni ce ma na yi har aka ba ni haƙuri. Ta ce ta aje azumi sai ta ji ƙarfi, in ta koma kuma a mayar da ƙwayar sahur da buɗa-baki. Abu ɗan wannan ya so ya kashe mana yarinya! An auna jini, maganin bai juya mata baya ba. Laraba mai fura ta ɗauke ta ɗakinta, tana ɗura mata nono safe da yamma.

Da na zagaya sauran matan, sai ga biyu sun yi irin wannan kuskure a Bukkuyum. Yanzu tun Rajab zan fara tambayar kowa lokacin shan maganinta.

Jajibirin Sallah Zaliha ta shigo rumfa, ta tuɓe ɗankwali da kanta, ta zauna tsakanin ƙafafuna. Na ɗauki tsinke na tsaga. Inna, gashi ya tsiro, gajere ne amma ya kama. Na ja da ƙarfi don in tabbatar, ta yi ƙara ta ce ni muguwa ce. Ko sili ɗaya bai biyo ni ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗiyarki,
Zulai