Ku Kai Baba Gonar Tuffa

Yaya Marlene,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba, ya yara? Ina nan Doha lafiya. Ƙafar da na karya wurin aiki ta kusa warkewa, kada Mama ta ji.

Kin ce bana ba za ku je tsinkar tuffa gonar Pelkey ba, tunda Baba ya daina gane mutane. Don Allah ku tura kekensa har gindin bishiya. Kakar tuffa ba ta taɓa wuce mu ba. Bara ma ya manta sunana, amma da na fizgi tuffa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Murɗawa ake yi, ɗana."

Allah ya ba ki ladan jinya.

Ƙaninki,
Wendell