Tantin da ya tsaya a dajin Gwiwa

Yaya Habu, assalamu alaikum. Ya jiki, ya Hajiya da yara, ya zaman Ilori? Mu nan Roni lafiya lau.

Ka san ba wanda ya koya mini ɗinkin tanti, da tsohon tamfol ɗin mota na fara. Makon jiya iska ta kwashe bukkokin makiyaya a dajin Gwiwa, tanti ɗaya ne ya tsaya. Ardonsu ya ce mini, "Ɗanlami, zo ka koyi aiki! Na Turai ne, wajen yayanka na saya da rani." Ina dubawa na ga ɗinkina ne.

Yaya, da girmanka? A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Amma ba zan ƙara aiko maka da tanti ba sai an rubuta a jikinsa: Ɗanlami Roni ya ɗinka.