Fuskar Dada Daga Nesa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki, ina sanar da ke Dada ba ta da lafiya. Jibi za a yi mata aiki a asibiti, kuma likita bai ɓoye mini komai ba. Tsoro nake ji, Auta.

Kin san halinta da ni. Tunda ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni. Na ɗauki hoton fuskokin rabin mutanen Jalingo, amma tawa uwar sai ƙeya da gefen mayafi. Kin tuna kina ce mini, "Hamma, kai ne matsalar, ka tsaya daga nesa mana"?

Sai yanzu na ji maganarki. Na je wurin mai kayan hoto da babbar kyamarata, ful-firem ɗin nan da kike tsokanata wai na fi son ta da abinci. Tsohon dogon lensina na ƙaramar kyamara ne, a kan wannan sai duhu a kusurwoyi. Mai kayan ya ajiye mini lensi guda biyu. Ɗaya mai milimita saba'in zuwa ɗari biyu, yana shan haske sosai, amma dole in matso inda Dada za ta kau da kai. Ɗayan ya kai ɗari shida, yana jawo abu daga nesa sosai, ga nauyi kamar taɓarya, hannu na ɗan rawa hoto ya lalace. Ya ce na masu ɗaukar tsuntsaye ne. Na ce shi nake so.

Jiya bayan la'asar na je garinmu Iware. Na laɓe bayan mangwaron maƙwabta, haske na raguwa. Dada tana kan tabarma a ƙofar gida. Ta rame, Auta. Na ɗora lensin a kan reshe, na riƙe numfashi, na jawo ta kusa.

Ashe ta gan ni tun saukowata daga mota. Idonta na kaina, ko ƙiftawa ba ta yi. A zatonta daga can ba zan ga fuskarta ba. Allah kaɗai ya san sau nawa ta kalle ni haka ban sani ba.

Sau ɗaya na danna, na kasa na biyu.

Allah ya tashi kafaɗarta, ke kuma ya jiƙan ki. In ta riga ni isowa wurinki, don Allah kada ki gaya mata na gani.

Naki har kullum,
Hammanki