Kujerar Ranar Litinin

Laraba, 5 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba, ko Yaya ba ta sani ba: aikin da na samu ba na ofis ba ne. Talla ce. Gida-gida nake bi da jaka a kafaɗa, ina ƙwanƙwasa ƙofofin mutane.

A takardar da aka liƙa a tashar bas an rubuta ana neman mai karɓar baƙi, ba sai da sakandare ba, albashi duk wata. Shi ya sa na je, tunda ni a firamare na tsaya. Ranar da aka tantance mu na ga wata yarinya a bayan tebur, kwamfuta a gabanta, fanka a kanta, tana ta danne-danne. Ta yi mini murmushi ta ce, "Ni ma haka na fara." Na ce a raina, ashe akwai wurin irina. Washegari aka miƙo mini jaka.

Umma kuwa ta riga ta gaya wa duk 'yan layinmu.

Alhamis, 6 ga Maris

Kullum da safe sai mun yi da'ira muna tafi. Oga Mai Kwat yana tsakiya yana ihu, "Yau ranar wa ce?" Mu ce, "Tawa ce!" Ni baki kawai nake motsawa. Daga nan bas ta kwashe mu ta zube a wata unguwa. Dawowa kuma kowa da aljihunsa.

A jakar akwai fitila mai caji da abin yanka albasa. Mai koya mini aikin ita ce Anti Jan-Baki (ba a gabanta ake faɗa ba). Dokarta ɗaya ce. Ta ce, "Kada ki kuskura ki ce 'za ku saya?' Da an buɗe ƙofa, ki ɗora musu fitilar a hannu, ki mayar da hannayenki baya. Ba wanda zai ajiye a ƙasa, kunya ba za ta bar shi ba. Muddin yana riƙe da ita, ke ce da magana."

Na gwada a wani gida. Matar ta riƙe fitilar, ni ma na tsaya, na manta abin da zan ce. Muka yi ta kallon juna har ɗanta ya fashe da dariya.

Asabar, 8 ga Maris

Na daure na tambayi Oga maganar albashi. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, albashi ai na malalata ne. Mu nan kamasho muke ci." Wato in ka sayar a ba ka ɗan wani abu a kai, in ba ka sayar ba ka yi wa Allah tafiya.

Abin da na samu a satin bai kai kuɗin mota ba.

Talata, 11 ga Maris

Ƙafata duk ta yi ruwa.

Baƙin takalmin Yaya ne, wanda take ji da shi, ta ara mini don in yi kama da 'yan ofis. Jiya ta ɗaga shi ta ce, "Madam Sakatariya, wannan ofis naku ba a share shi ne?" Na ce hanyar ce. Yanzu ina yawo da tsumma a jaka. In na kawo kwanar layinmu sai in tsaya bayan shagon mai aski in goge shi tas kafin in shiga gida.

Umma tana goge mini kaya tana tambaya wai sanyin fankar ba ya sa mini mura. Na ce a'a.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sayar da fitila ni kaɗai. Wani tsoho ne, yana zaune shi ɗaya, ga rediyonsa. Na ɗora masa, na mayar da hannu baya. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "'Yata, kin ci abinci kuwa?" Ya shiga ɗauko kuɗi. Da ya ɗaga labule sai na hango irinta sak a kan taga, ta yi ƙura, da gani ta mutu tuni. Wata irina ta riga ni zuwa ke nan.

Ya san abin da yake saya. Na karɓa dai.

Anti ta ce, "Kin gani? Kunyar nan taki jari ce. Ki ƙara sunkuyar da kai."

Litinin, 17 ga Maris

Kare ya biyo ni. Ba abin da na sayar.

Laraba, 19 ga Maris

Yau a bas na zauna kusa da wata, sai na ga kamar na san fuskar. Yarinyar tebur ce! Da jakarta a cinya kamar tawa, diddigenta duk faso. Na ce, "Ba ke ce mai kwamfuta ba? Me kika yi aka cire ki?"

Ta kalle ni kamar na faɗo daga sama. Ta ce, "Ke, kujerar ai ta Litinin ce. Ranar da sababbi suke zuwa. Duk sati da wadda ake ɗorawa."



Juma'a, 21 ga Maris

Oga ya kira ni gefe. Ya ce ran Litinin ɗin nan ni ce a kujera, don fuskata ba ta yi kama da ta mai ƙarya ba. In yi murmushi, in danna kwamfuta, duk wanda ya zo in ce ni ma haka na fara. Wanda ya tsaya a cikinsu kuma ina da kaso a cinikinsa.

Gaskiya na ji daɗi. Ba don kason ba. Umma ta daɗe tana cewa tana son ta ga wurin aikina, ni kuma ina ta kawo dalili. Ran Litinin za ta je karɓo maganin hawan jininta, kuma hanya ɗaya ce. Da na dawo na ce, "Umma, in kin tashi daga asibiti ki biyo mana." Ta ce, "Yau kuma? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Sau ɗaya ta gan ni a kujerar, shi ke nan, na huta.

Litinin, 24 ga Maris

Kujerar tana juyawa. Kwamfutar ba ta kawo wuta, wayarta ma a ƙasa take, ba a jona ta da komai ba. Fankar dai ta gaske ce.

Benci ya cika da masu neman aiki, kowa da takardunsa a leda. Wani ya kai sa'an Baba. Na faɗi maganar da aka ce in faɗa, ban ɗago kai ba.

Wajen azahar Umma ta shigo da mayafinta na unguwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta gaida Oga har da rusunawa, ta ce, "Ga amana nan, yallaɓai, ba ta da baki amma tana da hankali." Ya ce, "Mama, ai 'yarki manaja ce nan gaba."

Sai ta matsa gefe, na ga ba ita kaɗai ba ce. Ta zo da Auta, 'yar maƙwabciyarmu mai wankau, wadda ban fi ta da komai ba sai shekara guda. An sa mata takalmin uwarta, ya yi mata yawa, an cusa takarda a gaba. Umma ta ce, "Uwarta ta roƙe ni. Ki yi mata hanya, ko shara ce, ta dai zauna a inuwa kamar ke."

Auta ta matso ta raɗa mini, "Yaya, da wuya?"

Oga yana tsaye a kaina. Na ce, "Ni ma haka na fara."

An ɗauke ta. Kowa ma an ɗauka. An ce gobe ta zo da wuri.

A gida Umma ta ba Yaya labarin kujera mai juyawa har sau nawa. Ban iya cin abinci ba.

Talata, 25 ga Maris

Tare muka fito da Auta. Tana ta tambaya ko za a koya mata kwamfuta yau. A bas na buɗe jakar na nuna mata fitilun, na cire takalmi na nuna mata ƙafata. Na gaya mata komai, har tsohon nan. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba. Ta ce, "To me zan gaya wa Innata?" Na ce ta bar mini wannan.

Da muka isa an fara tafi. Na ce Auta ta jira ni a waje. Anti Jan-Baki ta taho tana cewa, "Ina sabuwar tamu?" Na ɗora mata jakar a hannu, na mayar da hannayena baya.

Ta ce, "Mene ne haka? Karɓi kayanki."

Na ce, "Ki duba, Anti, duk suna ciki."

Ta miƙo, ta sake miƙowa. Ta waiga wajen Oga, yana can yana ihun ranar wa ce. Ba ta ajiye a ƙasa ba. Na ce mata sai anjima.

Muna tasha yanzu, muna jiran bas. Auta ta cire takardar takalminta tana fifita da ita. Ban san ta inda zan fara wa Umma ba, kuma gobe duk layi zai ji. Yaya za ta yi faɗan takalminta, ta yi.

Tsumman yana cikin jakar da na mayar. Ba zan tsaya bayan shagon mai aski ba.