Makullin Gwaggo Marika

Litinin, 3 ga Maris
Farkon azumin Ista. A gida yanzu matata Froso da 'yarmu na cin zaitun da burodi mai riɗi a bakin teku. Mu muna Bahar Maliya cikin jirgin ruwan yaƙi, miyar wake da zafi. Na gaji.

Alhamis, 6 ga Maris
Na wuni ina goge Gwaggo Marika. Haka muke kiran bindigar nan mai baki shida da ke bayan jirgi, don masifarta. Da kanta take gani, da kanta take harbi. Makami mai linzami ko jirgi marar matuƙi, in ya tsallake kowa, ita ce ta ƙarshe. Aibinta ɗaya, ba ta san na gida ba. Shi ya sa makullinta ke hannuna, in helikwaftanmu na kusa sai in kulle ta.

Argiris ke tuƙa shi, shi da ya riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa yake ce min Kumbare. Yau yana wucewa ya dungure min kai: "Kumbare, ka ɗaure tsohuwar nan kafin in dawo, ba ta ƙaunata." Na ce ai ta san ka, ɗan iska.

Asabar, 15 ga Maris
Argiris na dawowa, ya kusa sauka. Jirage marasa matuƙi biyu suka biyo bayansa ƙasa-ƙasa, dab da ruwa. Kyaftin ya ce min, "Lefteris, sake ta." Na ce Argiris na hanya, yallaɓai. Ya sake faɗa, bai ko ɗaga murya ba.

Na murɗa makullin.

Ta kakkaɓo biyun. Ta haɗa da helikwaftan.

Lahadi, 16 ga Maris
Mun tsamo mataimakinsa da rai. Shi ba mu gan shi ba.

Laraba, 19 ga Maris
Kowa sai ya dafa kafaɗata. Mai dafa abinci ya ajiye min kofi, wai "Ba don kai ba, ɗana, da duk muna ƙasan ruwa." Na sani. Sanin bai rage min komai ba. Da ma wani ya zage ni.

Froso ta kira, matar Argiris na gidanmu, ina jin kukanta daga falo. An gaya musu harin ne ya ci shi. Froso ta ce, "Kana kusa lokacin?" Na ce ina kusa. 'Yarmu na tambaya wa zai kawo mata kyandir ɗin Ista bana, tunda shi ke kawowa. Na ce layi ba kyau.

Juma'a, 28 ga Maris
An kawo wani helikwafta. Matuƙin ya zo har wurina da fara'a, ya miƙo hannu, ya fara lalubo hoton 'ya'yansa a waya. Na ce ina da aiki. Da gani mutumin kirki ne. Ya faɗi sunansa, na bar ƙarar inji ta tafi da shi.

Da ya tashi da yamma, na kulle Gwaggo Marika kamar kullum.